Masu Gadi Biyu, Ƙofa Ɗaya

Ƙarfe sha ɗaya, safiyar Talata,
a benen shagona da ke Kakuri,
na danna aika.
Wasiƙar ba ta da nauyi, layi bakwai ce:
farashin citta buhu ɗari uku
da ranar da mota za ta taso daga Kachiya.
Sai ɗan zoben nan ya hau juyi a allo,
yana ta juyi,
kamar baƙon direba da ya rasa mafita a shataletale.

Na zargi sabis.
Na zargi hadarin da ya haɗo ta wajen kogi.
Na zargi 'yan wuta, alhali wutarsu na nan,
abin da ba su saba ba.
Na jijjiga linzami, kibiya ta kafe
kamar jakin da ya hango gada.
Na kashe, na kunna, shayina ya huce.
Na kashe, na kunna, aka kira azahar.

Kuluwa ta iso daga Unguwar Mu'azu,
lema a hammata, sukundireba a jaka,
ba ta ko ciro ta ba.
"Baba, yaushe ya fara?"
Na ce tun bayan ƙaramar salla.
"Me aka ƙara masa a lokacin?"
Na ce ba komai. Ta dube ni.
Na ce, to, ban da na Tanimu.

Daren da zai tafi bautar ƙasa
ya zauna nan har sha biyu,
ya sa mini riga-kafin ƙwayar cuta,
wai kada ɓarayin intanet su ci amanar tsohonsa.
Ashe wanda ya sayar mini da kwamfutar
ya riga ya sa nasa.

Ta buɗo wani jeri, ta nuna da farce:
sunaye biyu a sama, suna cinye ƙarfin na'ura,
imel ɗina can ƙasa yana jiran ragowa.
"Masu gadi biyu ka ɗauka, ƙofa ɗaya.
Wasiƙa ta zo wucewa, wannan ya kwance ta,
wancan ya fizge, ya ce wa ya ba ka izini?
Kowa na ganin ɗan'uwansa ne ɓarawon.
Kuma duk sanda suka kaure
sai sun zazzage rumbun wasiƙunka,
na shekara tara, tun daga ƙasa."

Ba ta ce in yarda da bakinta ba.
Ta dakatar da ɗaya, ta aika wa kanta gaisuwa,
wayarta ta yi ƙara kafin in gyara hula.
Ta maido shi, zobe ya dawo da rawarsa.
Ta sake, don kada a ce dace ne.

"Wanne za mu sallama?"
Na mai shago yana da sauran wata goma,
na Tanimu kuɗinsa ya ƙare tun jiya wancan mako.
Lissafi a fili yake, ni ne na yi shiru,
ruwa ya fara dukan kwano.
Ta ce, "Baba, ba ɗanka zan cire ba."

Ta cire, ta share sawunsa, ta sake kunnawa.
Wanda ya rage ta ja masa kunne:
ka duba duk ƙunshin da ya shigo,
amma bar tsohon rumbu ya huta.
Tsoffin wasiƙu ta ɗaure su shekara-shekara
kamar dammunan dawa.

Huɗu saura kwata wasiƙa ta tafi,
ko sallama ba ta yi mini ba.
Kafin Kuluwa ta gama ƙirga kuɗinta
amsa ta dawo daga Ikko:
cittarka ta yi tsada.

Da dare Tanimu ya kira.
"Baba, mai gadina yana aiki?"
Na ce ya yi iya yinsa.
Sai na tambaye shi ko yana cin abinci.