Yanka Ɗaya a Bayan Masu Walda

Shekara huɗu ina kai fiza gidajen mutane,
akwati a bayan babur, zafinsa na cin ƙuguna,
daga Filato zuwa Kwara Kano.
In danna ƙararrawa, kare ya amsa kafin mai gida.
Jikka bakwai guda ɗaya.
Na san ta yadda mai gadi ya san motar maigidansa:
daga waje.

Wata Laraba taya ta yi faci a Bukoki,
sha ɗayan dare, an ɗauke wuta.
Ina tura babur, ina tsaki,
sai hancina ya ja birki kafin ƙafata.
Na ce ƙarya ne, nan ba unguwarta ba ce,
nan ta ƙosai ce da soyayyen kifi.
Hanci ya ce, bi ni dai.

Lungu ne bayan masu walda,
ka wuce mai gyaran tsofaffin firiji,
ba allo, ba suna, ba lambar waya a bango.
Rabin ganga aka yaɓe da laka,
garwashi na numfashi a ciki,
ga wani tsoho da tocila a baki.

Nomau sunansa, mutumin Adar.
Shekara goma sha tara yana murza ƙullu
a madafar wani Bature bakin kogi,
har Baturen ya tattara ya koma garinsu,
ya bar masa faranti biyu da ciwon kafaɗa.

Na ce nawa?
Ya cire tocila ya ce, dala hamsin yanka.
Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Cukun Abalak ne, ya jiƙa shi a madara tun la'asar,
albasar Galmi, yanka siriri har kana ganin wuta ta cikinta,
tumatirin Gamkalle da ya soma laushi,
wanda masu kwando suka tsallake da safe,
da ɗan kilishi da ya marmashe da yatsa.
Gefe ɗaya ya ƙone, can inda ganga ta fi fushi.
Ya miƙo mini a takardar jarrabawar wani yaro,
lissafi, takwas bisa ashirin.

Na ciza.

Ba zan ce duniya ta sake ba.
Faci na nan, wuta ba ta dawo ba,
sauro bai daina aikinsa ba.
Amma na tauna a hankali,
irin taunar da na manta tun ina tsugune
gaban tukunyar inna, ina jiran ƙanzo.

Kusa da ni ƴan lekol biyu suna raba yanka ɗaya
da rula, kada a cuci wani.
Direban faba-faba ya ci a tsaye, ya lashe wuyan hannu,
ya tafi bai ce komai ba, sai gobe.

Na kawo Arzika wata rana, sarkin surutu.
Ya ce, tsoho, bari in sa ka a waya duniya ta san ka.
Nomau ya juya faranti da tsumma, ya ce,
kwano uku kafaɗata ke iya murzawa.
In duniya ta zo, me zan ba ta?

Har yau ina danna ƙararrawa.
Alhaji ya buɗe kwali ya ce, wannan ita ce ta ɗaya a Yamai.
In ce haka ne, ranka ya daɗe,
in shafa aljihun hagu, inda dala hamsin ke kwance ita kaɗai.

Jiya na sayi biyu, na kai wa Cima ɗaya.
Na tashe ta, ta ci ido rabi a rufe,
maiƙo har haɓa.
Da ta gama ta warware takardar, ta kai ta gaban fitila,
ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce,
Baba, yaron nan ya iya,
mantawa kawai ya yi bai riƙe ɗaya ba.