Cire Ɗaya, Ki Jira

Shagona na Titin Bauchi, daura da ƙofar jami'a,
tebur biyu, benci, da labulen da ya ga jiya.
Ruwan Agusta na dukan kwano,
ɗaliba na tsaye a kaina da babi na uku,
sai kibiya ta ƙame a tsakiyar allo
kamar kazar da ta ga inuwar shaho.

Na danna, shiru. Na girgiza linzami, shiru.
Fanka na juyi a ciki, ƴar fitila na ci,
gida a buɗe, mai gida ba ya nan.
Shafi goma sha ɗaya suka bi ruwa.
Nanret ta dafe kai: Anti Barira, gobe ne fa.

Abin ba rana, ba sa'a.
Litinin sau huɗu, Talata ko tari ba ta yi ba,
Laraba ta bari sai da na kai layin ƙarshe.
Mai shayi ya ce sanyin Jos ne ya shige ta.
Telan gefe ya ce baki ne, in nemi addu'a.
Yaron maƙwabta ya ce bairos,
ya karɓi dubu biyu, ya wanke ta tas,
washegari ta sandare tun ban ajiye jaka ba.

Na rungume ta a keke har Dilimi,
wurin Gyang mai tabarau ɗaure da zare.
Kwana biyu a gabansa tana gudu kamar barewa.
Ya ce: Wannan lafiyarta ƙalau,
ciwon kin baro shi a shago.
Me da me kike rataya mata?
Koma ki cire ɗaya, ki jira.
In ta tsaya, mayar, ki cire na gaba.
Kada ki cire biyu, ɓarawon zai ɓuya a bayan ɗan'uwansa.

Na fara da firinta, uwar mita.
Ta tsaya. Na ba firinta haƙuri.
Sikana ma ya fita da hannunsa wankakke.
Na hana filashin ɗalibai,
masu kwana a kowane gida kamar tsohuwar naira.
Na ari linzami wurin Iliya mai hoto.
Kowane gwaji na rubuta shi a bayan rasit,
rana, lokaci, da wanda na sallama.

Saura ɗan baƙin rumbun ajiya a bayan tebur,
mai waya naɗe da salatif.
Yaya Ma'aruf ne ya jona shi da hannunsa
shekarar da ya buɗe shagon,
kafin Hawan Kibo ya karɓe shi da motar dankali.
Hotunan sunan ƴarsa na ciki,
da lissafin bashin da bai karɓa ba,
da muryarsa yana gwada sabuwar makirfo:
ɗaya, biyu, ana ji na?

Tun Alhamis na san shi ne.
Na sake gwada firinta.
Na sake gwada sikana.

Gyang ya ce a waya: Ya tsufa ne.
Tana kiransa, ba ya amsawa,
ita kuwa ba ta iya wucewa,
sai ta tsaya jira.
Na ce: Na gane.
Ya ce: Kawo shi, ƙila in ceto rabi.

Bayan la'asar na zare shi.
Da ɗan ɗuminsa, kamar ƙwan da aka ɗauko yanzu.
Na naɗe shi a gefen mayafi.

Mako uku ke nan ba ta tsaya ba.
Nanret ta kawo min gasasshiyar masara, an karɓi aikinta.
Jiya ina tsakar buga takardar haya,
idona ya faɗa kan ramin da babu waya,
yatsuna suka tsaya a kan madannai.
Mai takarda ya leƙo allo:
Ta sake daskarewa ne?
Na ce: A'a. Ba ita ba ce.