Ruwan da Babana Ya Bar Mini a Tainan

Ranar da aka kwantar da shi a asibiti
bai tambayi kowa ba.
Da rabin bakin da ya rage masa
ya ce, "Pei-ru, ruwan."

Hawa na huɗu, saman shagon gyaran babura,
can ya bar su cikin akwatin gilashi:
jatan lande, ja da fari,
kowanne bai kai farcen babban yatsa ba,
suna kiwo a kan gansakuka
da hannuwa irin na mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ƙarƙashin tebur na tsinci littafinsa,
lambobin shekara goma sha ɗaya.
Zafi, ashirin da uku.
Tsami, shida da ɗigo biyu.
Babu ranar haihuwata a ciki,
babu ranar da Mama ta rasu,
sai dai a makon nan ya rubuta:
"Na manta canjin ruwa. Bakwai sun tafi."

Shafin farko faɗa ne tsantsa.
Kada a ɗebo na famfo, da magani a cikinsa.
Tagulla guba ce gare su,
ko tsoma kwabo kada a yi.
A wanke hannu, ban da sabulu.
Tataccen ruwa, a auna masa gishirin dutse
da ɗan cokalin nan mai karyayyen baki:
in ya yi yawa, ɓawo ya ƙi tsagewa,
in ya yi kaɗan, sabon ɓawo ya ƙi ƙwari.

Ni kuwa mai hanzari ce.
Tikiti nake sayarwa a tashar jirgin ƙasa,
mutum ɗari kafin shayina ya huce.
Na tuttula bokiti guda, na kama gabana.
Da safe uku suna kwance a gefe,
jansu ya koɗe.
Ruwan mai kyau ne, ban yi kuskuren awo ba.
Zuwansa ne ya yi gaggawa.

Sai na koyi ƙulla siririn tiyo,
ɗigo,
ɗigo,
awa biyu kafin kwano ya ragu,
ina zaune a kujerarsa mai ramin jikinsa.

A watan Agusta guguwa ta taso daga teku,
ta ɗauke wuta kwana biyu.
Fanka ta tsaya, kumfa ta tsaya,
ma'auni ya hau ashirin da bakwai, da takwas.
Tsoho Yeh na shagon ƙasa
ya hauro da gorunan ƙanƙara a cikin rigarsa,
yana haki, yana zagin matakala.
Muka sa su yawo a saman ruwa ɗaya bayan ɗaya,
ina ɗiba da kofi ina mayarwa
don su sami abin shaƙa,
har asuba, hannuna ya mutu.

Da gari ya waye na ga gawa a kan ganye,
fara fat, ana ganin haske ta cikinta.
Na kusa kuka.
Yeh ya sa tabarau, ya yi dariya:
"Riga ce. Saɓa ta yi. Mai ita na nan."
Tana nan kuwa, bayan kututture.
Mako bai cika ba na gan ta da ƙwai fal ciki,
tana yi musu fifita da ƙafafu.

Yau na je na gaya masa.
Ledar ƙarin ruwa na rataye bisa kansa,
na tarar da idona yana ƙirga ɗigon
ba tare da na sa shi ba.
Ya motsa leɓe. Na sunkuya.
"Nawa?"
Na ce, "Ashirin da huɗu, Baba."
Ya daɗe yana kallona,
sannan ya ɗaga yatsa ɗaya na hannun da ke aiki,
ya nuna ƙasa.