Babi na Tara

An ɗauke wuta a Kabala tun magariba,
sai sama ta baje kolinta.
Na fito da kujera da littafin rubutu,
sauro na yi wa ƙafata sannu da zuwa.

Wata bakwai ke nan Uwani na jirana
a babi na tara.
Na ƙera mata kunnen ƙarfe mai faɗin filin ƙwallo,
ta juya shi sama tana sauraron
shuuu ɗin da ya rage tun farkon halitta,
irin na rediyon kakana tsakanin tasha da tasha.
Lissafinta ya fita, na duba sau uku.
Abin da ya gagare ni
shi ne abin da ta ji a ƙirji
ran da ta gane ita ma ana saurarenta.

Jiya na kai fanka gyara Panteka.
Cindo mai walda ya ɗaga baƙin gilashi:
"Malam, har yanzu kana can sama?"
Na ce masa ƙarfen da yake narkarwa
da wanda ke yawo a jininsa
a cikin tauraro aka dafa su, tun ba a yi ƙasa ba.
Ya dubi tartsatsin da ke mutuwa a ƙafarsa:
"Ikon Allah. Ashe da ɗan'uwana nake aiki.
Kuɗinka dubu biyu."

Mai buga littafi ya ce kada in dama fura da fetur.
Ƙanwata ta ce in sa soyayya.
Limamin unguwa ya karanta shafi huɗu,
ya yi shiru, ya ce in kawo sauran.

Ga Kaza da 'ya'yanta bisa tankin maƙwabci.
Hasken nan ya baro gida
tun kadoji ne kaɗai ke da unguwa a bakin kogin nan,
ba zango, ba guzuri,
don ya faɗo idon mutumin da ake bi kuɗin haya.
Wa ke kallon wa?
Yumɓu ne ya koyi tambaya,
ya ɗaga kai yana cigiyar murhun da ya gasa shi.

Na rubuta: Uwani ta cire abin sauraro.
Na soke. Na rubuta: ta bar shi.
Sai ihun yara, an kawo wuta,
taurari suka ja da baya kamar baƙi masu kunya.
Ban tashi ba.
Shuuu ɗin bai bar kunnena ba.