Rigar da Muka Ɗinka wa Haladu

Mu uku muka shiga gonar Alhaji Mati
a fadamar Auyo, bayan la'asar,
shekarar da kankana ta yi girman tulu.
Ni na yanke ta da wuƙar babana,
Sagiru ya rungume ta,
Haladu gadi kawai ya yi mana,
shi kuwa ƙafarsa ta hagu ba ta gudu.

Da dare aka taru a ƙofar mai unguwa.
Ni ɗan dillalin riɗi ne, aka ce ƙuruciya.
Sagiru jikan liman, aka ce sharrin abokai.
Haladu, uwarsa surfe take yi a gidajen mutane,
ubansa ya tafi ci-rani bai waiwayo ba,
aka ce dama idon yaron nan ya nuna.

Washegari wani ya ce masa Ɓera,
yara suka cafe kamar waƙar gaɗa.
Ba ni na fara ba.
Amma na yi dariya,
tawa ma ta fi ta kowa ƙara.

Tun daga ranar,
in zabuwa ta yi nisan kiwo, Ɓera ne.
In tsohuwa ta manta inda ta ƙulle ɗari biyu, Ɓera ne.
Ya shiga masallaci, kowa ya jawo takalminsa
kusa da inda goshinsa zai sauka.
Ya je koyon faci wajen Ɗan'azumi,
kwana tara, aka raɗa wa maigida magana,
ya ƙirga kayan aiki a gabansa ɗaya bayan ɗaya,
suka cika cif,
duk da haka ya ce masa ya huta.

Ranar da injin ban-ruwan Mati ya ɓata
'yan sintiri suka ɗaure shi a gindin tsamiya
har sai da dorina ta gaji.
Bayan mako biyu injin ya ɓulla
a gonar ƙanin Alhaji, aro ne babu sallama.
Aka yi dariya, aka ce 'yan'uwa sai Allah.
Ba wanda ya taka zuwa zauren Haladu.

Na je, bayan isha'i, da kwalbar man zafi,
ina waige kada a gan ni.
Yana kwance rub-da-ciki. Bai ɗago ba, ya ce:
"Kun auna ni, kun yanka, kun ɗinka.
Shekara tara ina rantsuwa ba tawa ba ce.
Ga shi na biya kuɗin ɗinki da gadon bayana.
Gobe zan sa."

Ya kuwa sa.
Awaki biyu, a kasuwar Gujungu aka riƙe shi.
Gari ya yi ajiyar zuciya, aka ce ba mun faɗa ba?
Ban taɓa ganin fuska ta sake
kamar ta wanda zatonsa ya tabbata ba.

Yau ni ne ma'ajin ƙungiyar manoma,
makullin sito a aljihuna yake kwana.
Sagiru na jan salla in liman ya yi tafiya.
Haladu na gidan yari a Haɗeja.

Jiya a bakin famfo
na ji ana ce wa ɗan ƙanwarsa Ƙaramin Ɓera.
Shekararsa bai fi shida ba,
bai ma san abin da ake nufi ba, yana ta murmushi.
Na buɗe baki,
sai ga Alhaji Mati ya miƙo mini hannu,
muka gaisa, muka yi zancen taki.

Wuƙar nan tana ɗakina.
Har yanzu tana da kaifi.