Ƙwayar Riɗi

Ran Laraba na saye ta a kasuwar Gadarif,
'yar na'urar kiɗa, da kaɗan ta fi akwatin ashana.
Na rataye ta a wuya da mazagin tsohon wando,
na hau bayan babbar mota zuwa gonakin riɗi,
inda dammuna ke tsaye jere
kamar sahu yana jiran kabbara.

Kwana tara tana yi mini hira lafiya lau.
Ran na goma, da hantsi,
Baba Maikano na tsakiyar kaɗa garayarsa,
wadda ƙanena ya ɗauka a Mai Wurno
shekarar da tsohon zai bar duniya,
sai ɗif.
Kamar an hure fitila.

Na danna, ta farka, ta yi baiti ɗaya, ta sake suma.

Jaddo ya ce yunwa ce, batir ne ya rame.
Na kai ta rumfar Batulu mai shayi,
ta sha wutar farantin rana tun azahar har la'asar,
ni ma na sha kofi uku bashi ina gadinta.
Ta cika taf. Taku ashirin cikin gona, ta yi shiru.

Sabi'u ya ce zafi ne, ai ƙarfe ma na jin jiki.
Na naɗe ta a tsumma, ta kwana gindin tulu.
Na zare katin, na hura, na goge a gefen riga.
Na ari abin kunnen direba.
Wani ya ce buga ta a tafin hannu, haka ake wa rediyo.
Wani ya ce baki ne, na cika nuna ta.
Na buga. Na tofa. Na ɓoye ta a aljihu.
Ba abin da ya sake zane.

Abin da ya fi ci mini rai:
in na rataye ta a reshen ƙaya,
sai ta yi ta zuba har tsuntsaye su gaji,
in na mai da ta wuya, na duƙa da lauje,
nan take ta ɗauke numfashi.
Har na fara cewa ko Baba ne ke fushi,
shi da bai taɓa son a yi masa aiki yana kiɗa ba.

Ran Juma'a na sauka gari.
Usta Dafalla na ƙarƙashin dalbejiya,
teburinsa cike da gawarwakin wayoyi.
Ya saurare ni duka, bai katse ni ba.
"Sai ka duƙa?" ya ce. Na ce sai na duƙa.
Ya kwance ƙusa huɗu ƙanana kamar idon tururuwa,
ya sa tsinin allura ƙarƙashin madannin kunnawa,
ya ce, "Buɗe hannunka."

Ƙwayar riɗi. Guda ɗaya. Fara sol.

Ita ce ta samu ɗaki ta tare.
Duk sanda ƙirjina ya matse na'urar,
sai ta danna madannin a madadina.
Sati biyu ina zargin rana da batir da matattu,
ɓarauniyar kuwa da hannuna na girbe ta.

Na zaro kuɗi, ya ture.
Ya sa abin kunnen ɗaya, ya miƙo mini ɗayan.
"Kakata ma," ya ce, "da irin wannan take kuka."
Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, waya ɗaya ta haɗa mu,
amalanke na wucewa, mai jiran gyara na tsaki,
har Baba ya kai ƙarshe, ya yi tarin nan nasa,
ya ce wa ƙanena, "To, kashe haka nan."

Ƙwayar kuwa na jefa ta a baki a hanyar tasha.
Gishiri-gishiri. Gumina ne.