Katanga Ba Laka

Mu goma sha ɗaya muka sauka tsibirin Cres
ranar Asabar, da sababbin safar hannu
masu warin kanti.
Tsoho Zvane ya dube su, ya dubi teku,
bai ce uffan ba.

Shekara uku ke nan da katangar ta zube,
tumaki na ƙetare ta ko a jikinsu.
Ya ce a fara kwashe abin da ya saura.
Gini na zo koyo, aka sa ni rusau.

Ina simintin? in ji Dunja, malamar lissafi.
Ya nuna ƙasa da haɓa:
nauyi ya ishe ta.
Ɗaya bisa biyu, biyu bisa ɗaya,
kada tsaga ta hau kan tsaga.
Dutsen da ka ɗauka kuwa, ka ɗauka ke nan,
yi ta juya shi
har ya nuna maka gefen da yake kwanciya.

Ni ma'aikacin banki ne a Rijeka,
na saba jera abu ya yi kyan gani.
Na tsinci masu sulɓin fuska,
na kai su har gwiwa kafin rana ta take,
na ja da baya ina jiran yabo.
Zvane ya ɗora takalmi, ya ɗan tura.
Rugum.
Fuska ka gina, ya ce, ina cikin?

Sai na durƙusa ga tsakuwar da na raina,
ina cusa ta ɗaya ɗaya
inda ido ba zai sake ganinta ba.
Farce ya fashe. Na tsotse jinin, na ci gaba.

Da muka zauna gindin zaitun
da burodi da cukwin tumaki mai gishiri,
Dunja ta miƙo abin da ta tono a tushe:
kan lofe na yumbu, baƙi ƙirin.
Tsohon ya daɗe yana murza shi.
Na ƙanen babana ne, Šime.
Ya gama wannan layin, ya hau jirgin ruwa,
ko wasiƙa.
Ya tashi, bai ƙarasa burodinsa ba,
ya mayar da lofen cikin tsakuwata,
ya danne da dutse mai faɗi.

Lahadi da yamma iskar arewa ta taso,
mai tuɓe wa mutum hula.
Na ji ta tana bi ta kafofin katanga
tana fito, tana wucewa abinta.
Ko gezau.

Taku bakwai muka gina a kwana biyu.
Saura ɗari huɗu, in ji Zvane,
yana naɗe igiyarsa.

A jirgin komawa na ciro waya,
na ɗora babban yatsa.
Ta ƙi buɗewa.
Dutse ya cinye zanen,
ta ce ba ta san ni ba.